Yadda Za Ka Sayi Tikitin Ƙwallo Ba Tare da Intanet Ta San Ka Ba

Ɗan'uwa, bi matakan nan, na yi maka alkawari ko masu shafin sayar da tikitin ba za su san an haife ka ba. An gwada su a kan Haman, tela a nan unguwar Briqueterie, wanda ya ce wa matarsa Jaratu ba zai raka ta sunan jikan yayarta a Nkomkana ba, wai ɗinki ya sha masa kai. Alhali filin ƙwallo ya nufa.

1. Ɓoye sunanka

Shafin zai tambayi suna, shekaru, unguwa, har imel. Ina ruwansu? 'Yarsu kake nema? Rubuta Mohaman. A unguwar nan in ka kira Mohaman mutum tara za su waiwayo, har da mai tsire.

2. Rage shekaru

Haman goma sha biyu ya zaftare. Kwamfuta ba ta ganin furfura.

3. Kada ka karanta sharuɗɗa

Shafi arba'in ne, da Faransancin lauyoyi. Yi bisimilla ka danna "J'accepte", wato na yarda. Abin da ba ka karanta ba bai hau kanka ba. Fatawata ce, kada ka kai wa liman.

4. Hana su lambarka

Nan gizo ke saƙa. Wanda ya riƙe lambar wayarka ya riƙe wuyan rigarka, don haka ka ba su lambar wani. Haman dai lamba biyu kacal ya haddace a duniya: tasa da ta Jaratu.

5. Fita a natse

Rataya tef ɗin awo a wuya, ja tsaki, ka ce aiki zai kashe ka. Haka Haman ya yi, har ya kai bakin ƙofa.

"Malam Mohaman!" in ji Jaratu.

"Wa?"

"Kai mana, ɗan shekara talatin da tara. Saƙo ya shigo wayata, wai ƙofa ta huɗu, kujera ta sittin da biyu. Can aka mayar da keken ɗinkin?"

"Ai... wani kwastoma ne."

"To Allah Ya ba shi haƙuri, don tun safe na tura wa ƙanena Alim tikitin. Zura babbar riga, kai ne mai ɗaukar kular tuwo."

Gargaɗi

Kamfanin dai har gobe bai san Haman ba, saboda haka alkawarina ya cika. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da iyalinka, ba hannuna ba ƙafata. Mai ƙorafi ya same ni a shagon Haman da azahar. Can muke cin gari da ƙuli mu biyu, tun ranar da Jaratu ta gaya wa matata wanda ya ba shi shawara.