Sarkin Raga na Ƙauyen Wendham

A duk dangin Pargeter ba a taɓa haifar babban mutum kamar Kawu Cuthbert ba, kuma shi da kansa ya sha tabbatar da hakan. Wasu sun yi likita, wasu sun je yaƙi sun dawo. Shi kuwa Allah ya ɗaukaka shi fiye da haka, ya ba shi kujera a gefen ragar filin tanis na ƙauyen Wendham.

Aikin ba na ƙananan mutane ba ne. Zai zauna, ya ɗora yatsa ɗaya a kan igiyar raga. In ɗan wasa ya yi bugun farko ƙwallo ta shafi ragar ta wuce, yatsan nan mai albarka zai ji girgizar, sai Kawu ya daka tsawa: "Let!" A sake bugu. Shi ke nan aikin. Amma yakan sa kwat da 'yar ciki mai maɓallan tagulla dominsa, har mutanen gari suka naɗa shi Sarkin Raga. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ake dariya in an faɗa ba.

Kalmar "Let" kuwa, ai gadonsa ce. Duk wanda tsautsayi ya sa ya tsaya kusa da shi wurin shan shayi sai ya ji tarihinta.

"Yaro, ka san abin da ke fita daga bakina? Tsohon Turanci ne, na kakannin kakanni. Ma'anarta cikas, abin da ya tare hanya. 'Yar'uwar kalmar 'late' ce, wato makara, don abin da ya tare ka shi ke sa ka makara. Yau ta mutu a bakin jama'a. Ta rage a fasfo, da takardun lauyoyi, da kuma nan." Sai ya dafa ƙirji.

Yakan yi wannan bayani ne a tsaye a bakin ƙofar rumfar shayi, mutane jere a bayansa da kofuna a hannu, shayi yana hucewa. Matarsa Enid ta ji karatun nan tun tana amarya. A ƙofar coci ma ya taɓa yi wa limamin, ranar jana'izar surukarsa, masu ɗauke da akwatin gawa suna sauya kafaɗa.

Sai ga wata shekara an zaɓi sabuwar shugabar kulob ɗin tanis, Misis Aldous, mace marar tsoron manyan mutane. Ta ce alƙalin wasa yana da ido da kunne, ba ta ga amfanin kujerar raga ba. In gasar bana ta wuce ba a ga amfaninta ba, za a ɗauke.

"Kujerata za ki ɗauke?" in ji Kawu. "Baiwar Allah, harshen ƙasa za ki binne. In na yi shiru, wa ya rage?"

"Lauyoyi," in ji ta.

Aka fara gasa. Ƙwallayen bana kuwa kamar sun haɗa baki da matar nan. Wadda za ta wuce ta wuce fes, wadda za ta daki raga ta dake ta yadda har mai sayar da kek ya gani daga rumfa. Yatsan Kawu ya yi ta zaman banza. Kullum sai ya ƙara jan kujera kusa, ya ƙara sunkuyawa, tumbinsa yana gaisawa da raga.

Ranar wasan ƙarshe Rosalind ce a fili, 'yar ƙanwarsa. Hadari ya haɗo, 'yan kallo sun fara laluben lema. Bugu ɗaya ya rage ta ɗauki kofi. Ta cilla ƙwallo sama ta maka. Ƙwallon ta wuce can sama da raga, ta dira inda abokiyar wasanta ba ta ko motsa ba. Amma Kawu ya ji girgiza. Girgiza ta gaske, wadda ya yi mako yana roƙo.

"Let!"

Tafin da aka fara ya mutu.

"Haba Kawu!" Rosalind ta ce. "Ko tantabara za ta iya bi tsakanin ƙwallon nan da ragar!"

"Yarinya, gaskiya ba ta san dangi ba. Wani abu ya taɓa ragar nan. Idon alƙali bai gani ba, kunnensa bai ji ba, yatsana ya ji. Jama'a, ga amfanin kujerar da ake so a ɗauke. Bari in gaya muku asalin wannan kalma."

Ya miƙe tsaye don a ji shi sosai. Ragar ta miƙe tare da shi. Maɓallin tagullarsa na ƙasa ya sarƙe a cikinta, duk numfashin da ya ja sai ta yi rawa. Ya juya dama ta bi shi, ya juya hagu ta bi shi, kamar kare mai biyayya.

Alƙali ya leƙo daga bisa doguwar kujerarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi gaskiya, wani abu ya taɓa raga. Rosalind ta ci."

Enid ce ta zo da almakashin saƙarta ta yanke maɓallin, yayyafi yana sauka. Kafin ta gama, Misis Aldous ta sa an kai kujerar rumfa, an ɗora mata tukunyar shayi. Kowa ya ce ta dace da wurin.

A hanyar gida Kawu ya tsaya cak a tsakiyar 'yar siririyar ƙofar filin, jama'a a bayansa ruwa yana dukansu.

"Yau an binne kalma, Enid. Nan gaba ba wanda zai san ma'anarta."

"Kwantar da hankalinka, maigida," ta ce, tana tura shi gaba da lema. "Duk wanda ya taɓa biyo ka a ƙofa ya sani."