Kuskure Ɗari Uku a Shagon Kaka

Shekarar da Baba Tsoho ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Dogo ne ya zo shago da selotef kala huɗu, ya manna a kan maɓallai huɗu na tsohuwar kwamfutar, ya ce da kakarsa, "Ja, kore, shuɗi, fari. Kada ki taɓa sauran." Da maɓallan nan huɗu Kaka ta riƙe keken surfanin mijinta shekara biyu, tana ɗinka wa makarantu tambari a aljihun riga. Ba ta taɓa ce masa ta gode ba. Ta dai sa shi a addu'a, ta ci gaba da kiransa malalaci.

Bana sai makarantar da ta fi ba ta aiki ta sake tambari, ta aiko da zanen cikin wani sabon fayil da tsohuwar kwamfutar ba ta iya buɗewa. Sabuwar kwamfuta kuma ba ta da ramin da wayar keken za ta shiga. Kawu, babban ɗan Kaka, ya yanke magana: in ranar Alhamis ta zo keke bai ɗinka sabon tambarin ba, zai kira masu sayen ƙarafa su kwashe komai, a rufe shago, Kaka ta koma gidansa ta huta. Ita kuwa ta san irin hutun: kujera a falo, da talabijin, da jiran lokacin salla.

Dogo aikinsa ke nan rubuta manhaja a wani ofis. Ya samo wadda ke juya sabon zane ya koma irin na da, sai dai dole a harhaɗa ta a cikin tsohuwar kwamfutar, don wadda ya harhaɗa a tasa ko motsi ta ƙi yi a nan. Ranar Laraba da hantsi ya sunkuyo ya shigo, kwana na uku ke nan.

"Ina kwana, Amarya. Ya ƙafar?"

"Tana inda ka bar ta. Kai ya rashin kunya? Kwana uku kana zuwa wurin mace hannu rabbana."

"Ilimi na kawo miki."

"Jingine shi can bayan ƙofa kusa da tsintsiya. Ita dai tana shara."

Ya mayar da wayar wuta cikin soket, ya zauna a kujerar Baba Tsoho, gwiwoyinsa na dukan tebur. Kwamfutar ta yi tari, ta fara gurnani.

"Wannan sa'arki ce," in ji shi. "Ina jin rana ɗaya aka yi muku rigakafi."

"Ni da ita mun ciyar da gida, har da uwarka. Kai me ka taɓa riƙewa? Caja."

"Ni fa ake kira in kwamfutar manya ta lalace."

"Shi ya sa manyan ba sa ci gaba. Jiya kuskure nawa ka ce?"

"Ɗari uku da sha biyu. Na gyara ashirin kafin in tafi."

"Yau fa?"

Ya danna. Rubutu ya yi ta zuba a fuskar kwamfutar kamar an buɗe famfo, sannan ya tsaya. Dogo ya sosa ƙeya.

"Ɗari uku da arba'in."

"Ma sha Allah! Haihuwa suke yi. Mai gida, kiwo ya karɓe ka."

"Ki bari in yi miki bayani. Manhajar nan kamar yadin da aka yanka ne, hannu daban, wuya daban, aljihu daban. A cikin kowace kwamfuta akwai telan da ke haɗawa. To, telan taki tsoho ne tukuf. Na ba shi hannu ya ce bai san shi ba, na ba shi wuya ya ce a zamaninsu ba a yin irinsa."

"Ya yi gaskiya. Ka ga wandon da ke jikinka? Ni ma da an kawo mini shi cewa zan yi ban san shi ba."

"Wannan shi ake yayi."

"Yadin ne ya ƙare, ko telan ne ya gudu?"

Wayarta ta yi ƙara. Kawu ne. Ta gaishe shi a natse, ta saurara, ta ce "To," ta sake cewa "To, Allah Ya kai mu," ta ajiye. Mai ƙarafa zai zo gobe bayan azahar, da mota.

Kaka ta ɗauki tsumma ta goge kan keken, inda babu ƙura ko kaɗan. Dogo ya dube ta ta gefen ido, ya rage murya.

"Kaka, gaskiya zan faɗa miki. Na yi iyakar abin da na sani. Wataƙila Kawu..."

"Wataƙila Kawu ya haifi kansa. Sake dannawa."

"Abu ɗaya za ta faɗa."

"Na ce ka danna. Mijin da ba ya jin magana, me za a yi da shi?"

Ya danna. Ta jawo kujerarta, ta gyara tabarau, ta kafa wa fuskar kwamfutar ido. Karatun Turanci ba nata ba ne, amma shekara arba'in tana kallon allura, ta san ba a neman ɓarnar ɗinki a inda zare ya cukurkuɗe, sai a inda ya fara tsalle. Kwana uku tana lura da abu ɗaya, tana jiran mai ilimi ya gani da kansa.

"Tsaya. Ka ga abin da ta yi?"

"Kuskure ɗari uku da arba'in."

"Ba wutsiyar ba. Da ka danna sai ta yi jim, ta faɗi magana ɗaya gajeriya, sannan ta ɓarke da surutu. Kullum haka. Kai kuma da ka danna sai ka ɗauki wayarka, ba ka ɗago kai sai ta gama."

"Ai na farkon gaisuwa ce kawai."

"Kai da ba ka iya gaisuwa ba, ina ka san abin da ke cikinta? Koma sama."

Ya yi tsaki, ya fara ja da baya. Layi bayan layi, har ya kai can ƙoli. Ya karanta. Ya matso da fuska ya sake karantawa. Bakinsa ya ɗan buɗe.

"Rufe, ƙuda zai shiga. Me ta ce?"

"Ta ce... a duba agogonta."

"Yau kwana nawa tana faɗa?"

Ya buɗe wani wuri ya duba, ya dafe kai. "Kaka, kwamfutarki cewa take yi yau ɗaya ga watan ɗaya, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ina aji ɗaya ke nan."

"Har yanzu ma can kake."

"Ki ji mana. Kafin a fara haɗa komai, sai manhajar ta leƙa cikin kwamfutar ta rubuta abin da take da shi da abin da ba ta da shi. To, da ta leƙa sai ta ga fayilolin da na kawo wai sun zo daga shekara ashirin nan gaba, ta ce ita ba ta yarda ba, ta fasa awon. Sauran aikin kuma ya wuce ba awo. Duk kurakuran nan..."

"Ɗinki ba awo. Ka faɗa da Hausa."

"Amma ta yaya Baba Tsoho ya yi aiki da ita haka?"

Kaka ta juya ta dubi bango, inda tsohuwar kalanda ke rataye. Kullum da safe marigayi yakan kunna kwamfutar, ya ɗaga kai ya dubi kalanda, ya danna wasu lambobi da yatsa ɗaya, sannan ya ce bismilla ya fara aiki. Ita a zatonta lissafin kwanakinsa yake ajiyewa, shi ya sa ba ta taɓa tambaya ba.

"Gaya mata yake yi," ta ce a hankali. "Kullum sai ya gaya mata kwanan wata. Tun da ya tafi ba wanda ya gaya mata."

Dogo ma ya dubi kalandar. Sannan ya ce, "Kuma ke ce kike zare ta daga bango kowace yamma."

"In bar ta wuta ta cinye ta? Kai za ka haifo mini wata?"

Ya kashe ta, ya kwance murfin da sukundireba, ya hura ƙura, ya zaro wani ɗan batir fale-fale kamar maɓallin riga. "Wannan ne ke riƙe mata lokaci in an zare wuta. Ya mutu tun ban yi gemu ba."

"Wannan gashin guda bakwai ne gemu?"

"Bari in je kasuwa in nemo."

"Zauna. In ka fita sai la'asar." Ta jawo jakarta, ta fito da gwangwanin da take ajiye na'urar gwajin suga, ta kwance wata 'yar takarda. Batir ne sabo, irinsa sak. "Ungo. Ka ga mace mai tanadi. Ban san me na gani a jikinka ba."

"Tsawo."

"Sandar rataya labule ma tana da shi."

Ya sa batir, ya rufe, ya kunna, ya gyara kwanan wata. Ya danna. Wannan karon bai taɓa wayarsa ba. Kwamfutar ta yi jim, ta shiga jero tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya tana ba kanta amsa, sannan ta fara haɗawa. Ta daɗe tana yi kafin ta tsaya.

"Nawa?"

"Huɗu."

"Ina ɗari uku da talatin da shidan?"

"Sun tafi."

"Allah Ya raka taki gona. Huɗun fa?"

"Waɗannan na gaske ne. An rubuta su da salon yanzu, tsohon telan bai gane ba. Sai na sake rubuta su yadda ake yi da."

"Wato ka yi masa magana da ladabi. Zai yi maka wuya, amma gwada."

Ya fara da na sama, ba ta ko ce masa ba. Ya gyara, biyu suka tafi tare. Na ukun ya ci masa lokaci har ta je ta yi azahar ta dawo ta same shi yana magana shi kaɗai. Na huɗun harafi ɗaya ne ya ɓace. Da ya danna na ƙarshe, rubutu ya zuba, ya tsaya, ba kuskure ko ɗaya.

Ya juya zanen makarantar, ya tura wa keke. Kaka ta ɗaura ƙyalle a firam, ta ja zare, ta ce bismilla. Allura ta sauka. Suka tsaya su biyu suna kallo, littafi a buɗe ya fito, sai fitila a kansa, sai sunan makaranta a ƙasa, harafi bayan harafi. Ta cire ƙyallen, ta juya bayansa, ta bi da babban yatsa. Ba tsalle ko ɗaya.

"Kira kawunka," ta ce. "Ka ce ya ba mai ƙarafa haƙuri. In kuma ya ce sai ya zo da motar goben, ga ka nan, a auna ka."

Dogo ya yi dariya har ya buga gwiwa a tebur. "Na sallama, Amarya. Kin ci. Abu ɗaya nake roƙo."

"Ba ni da canji."

"In Kawu ya tambaya, ki ce aiki ne mai wuya, na sha fama. Kada ki ce ke kika gano. Don Allah. In labarin nan ya kai ofishinmu, na kaɗe."

Kaka ta ɗaura wani ƙyallen a firam, ta daidaita shi, ba ta ɗago ba.

"Ni ba na ƙarya, ka sani. Zan ce ka sha fama." Ta ja zare. "Sauran kuma sai in ya tambaya. Ka san kawunka da tambaya."