Yadda Za Ka Zaɓi Tiyon Mai Ka Riga Abarshi Shiga Kasuwa

Kai direban da ke ɗaukar mata daga Tsarnawa zuwa Badaguishiri, na san ciwonka. Duk ranar kasuwa Abarshi na wuce ka a hanya, yana kaɗa maka hula ta taga. Matan motarsa ke kame inuwar bishiya, naka su yini a rana daddawarsu na gumi. Yanzu Inna Kulu, ƙanwar mahaifiyarka, ta rantse: in Abarshi ya sake riga ku, ita da mata takwas sun koma motarsa har abada. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kai za ka fara shiga kasuwa. Ban ce da wane hali ba.

1. Gano mai laifi

Ba injinka ne ya tsufa ba. Ba kuma buhu sha biyu da ke kan rufi ba. Buɗe gaban motar ka dubi siririn tiyon da ke kai wa kabureta mai. Ka gan shi? Kamar karan dawa. Da shi kake so inji ya ƙoshi? Gwada shan fura da tsinke ka ji.

2. Je wurin bakanike, don ka san abin da ba za ka yi ba

Tafi Ƙonni, garejin Mahfuz. Zai goge hannu ya ce maka, “Malam, milimita takwas ya ishe ta. In ka matsa, goma. Wagga mota ba jirgi ba ce.”

Yi masa godiya. Tambayi iyali. Fita. Mutumin da ke auna abu da milimita bai taɓa ganin hular Abarshi ta taga ba.

3. Auna da gwiwar hannu

Ƙa’idar masana ita ce: in hannunka bai shiga tiyo ba, mai ma da ƙyar yake shiga. Irin wannan tiyon ba a kanti yake ba, yana lambun albasa. Nemi abokinka Alhasan mai lambu ka ari na ban ruwansa.

Zai dube ka sama da ƙasa. “Mi za ka yi da shi?”

“Gyaran mota.”

“To. Amma wallahi ka yanke mini ko taƙi guda, mu da kai sai gaban alƙali. Kuma kahin la’asar nike son abina, albasa ba ta san mota ba.”

Amince. Tiyon taku arba’in ne. Daga jarka zuwa kabureta taku biyu. Sauran talatin da takwas ɗin kuwa, ci gaba da karatu.

4. Naɗa

Famfon man motarka ya mutu tun bara, don haka jarkarka na kan rufi kamar ta kowa, mai na gangarowa da kansa. Madalla. Soka baki ɗaya cikin jarka. Sauran ka zagaya motar da shi sau uku, ka bi ta ƙarƙashin kujerar baya, ka fito ta taga. Ɗaya bakin ka haɗa shi da kabureta da mazurari da robar tayar keke. Ƙofofi ba za su ƙara buɗuwa ba, saboda haka ka sa mata su shiga kafin ka fara naɗi.

Inna Kulu za ta leƙo. “Kai ɗan nan, mota ce ko gammo?”

“Fasaha ce, Inna.”

“Uwarka ma haka ta ce ranar da ta auri ubanka.”

Ci gaba da naɗi.

5. Zuƙa

Mai ba ya tafiya sai an kira shi. Cire mazurarin, kafa baki, ja. Da farko ruwan rijiyar Alhasan zai zo. Tofar. Sai yashi. Sai wani abu mai sanyi mai ƙafafu. Wannan kwaɗo ne, ba ya cikin kayan inji, sake shi ya tafi. Ci gaba da ja har ka ga taurari da hantsi.

A nan za ka lura jarka ta ƙare, alhali ko ɗigo bai iso ba. Kar ka firgita. Tiyon ne ke karya kumallo tukuna. Kira mai sayar da mai a kwalba ya hau rufi ya yi ta ɗurawa. In ya fara kiranka Alhaji, an kusa.

6. Wuce shi

Mayar da mazurarin, tayar da injin. Motar za ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi wata ƙara da ba ta yi ba tun tana budurwa. Hau hanya. Can za ka hango ƙeyar motar Abarshi. Jira gangara: nan duk man da ke kwance cikin naɗin zai tuno da aikinsa, ya rugo gaba a lokaci guda. Taka!

Awaki za su watse. Jandarma zai ɗaga hannu, ya ga tiyo, ya sauke, don babu wannan a littafinsa. Mata na salati, ƙuli-ƙuli na tsalle, ga ka kafaɗa da kafaɗa da Abarshi. Cire hularka. Kaɗa masa a hankali, yadda yake yi maka. Inna Kulu za ta rangaɗa guɗa ta ce, “Abarshi, a gaida mutanen baya!”

Ji daɗin wannan sosai. Minti biyu ne.

7. Zaɓi wurin mutuwa

Gangara na ƙarewa, mai zai koma barci cikin tiyo, inji ya yi shiru. Nan ake gane gwani. Sakarai yakan gangara gefen hanya don ladabi. Kai kuwa bar ta ta silale har kan ’yar gadar nan ta bakin gari, wadda mota biyu ba sa gittawa. Tsaya a tsakiya cif. Dama rami, hagu rami.

Abarshi zai iso ya danna oda har ta dushe. Zai sauko.

“Kauce mini!”

“Da mi?”

“To ku hito ku tura ta!”

Nuna masa ƙofofin. A naɗe suke. Inna Kulu za ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, “Ɗana, mu nan ɗaurarru ne. Kai da Allah ya ba inji, taimaka.”

Zai dubi rana, ya dubi matan motarsa da suka fara zaginsa, ya koma ya kafa hancin motarsa a bayan taka. Saki birki. Riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan ka jingina a taga kamar mai shan iska. Haka za ku shiga Badaguishiri: kai a gaba, Abarshi a baya yana hayaƙi, ’yan kasuwa na tafi.

Inna Kulu za ta fita ta taga, ta shimfiɗa tabarmarta a inuwa, ta ce, “Na ce wanda ya riga shiga. Ban ce da injin wa ba. Mako mai zuwa ma haka nike so.”

Gargaɗi

Marubucin nan bai san ka ba, bai taɓa ganin motarka ba. Babu hannunsa in daddawa ta yi warin fetur, ko albasar Alhasan ta kama da wuta a cikin miya, ko kwaɗon ya dawo da danginsa. In kuma mako mai zuwa Abarshi ya tsaya nesa da gada ya kashe mota ya buɗe goro yana jiranka, wannan tsakaninka ne da Inna Kulu.