Yatsan Inna a Kaskon Shayi

Innarmu maginiyar tukwane ce a Paiko. Da ta rasu, ni na gaji ɗan kaskon da take shan shayi da shi. Bakinsa a karkace yake, wutar itace ta baƙanta gefe ɗaya, ga 'yar lotsawa a jikinsa.

Ni kuwa ko tabarma ce ta karkace, ba ni da sukuni. Ana gobe sadakar arba'in na ce kada baƙi su ɗauka datti ne. Na aro samfefa wurin wani kafinta a Dutsen Kura, na wuni ina gurza har kaskon ya yi sumul, ina ta yaba wa kaina.

Yaya Hajara ta ɗauka, ta shafa, ta sake shafawa.

"Kai, ina yatsan Inna?"

"Wane yatsa, Yaya?"

"Inda ta danna yumɓun yana ɗanye mana! Nan nake ɗora nawa."

Har yau in na ɗauki kaskon, yatsana yakan nemi gurbin nan ya rasa. In kuma na shiga taron dangi, sai Yaya ta ɗaga murya: "Ku ɓoye Goggo, ga Injiniya nan, kada ya goge mata tsagar fuska!"