Fijon Bitrus Tsakanin Giginya Biyu

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura mini aure ba, ko na so in manta ma, mutanen Zauro ba za su bar ni ba. Amma bari in faɗa tun da wuri: har gobe ban yarda cewa ban iya tuƙi ba.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni kuma malamin gona ne a Birnin Kebbi. Aikina yawo a fadama bisa babur, daga Zauro har Augie, ina duba shinkafa da albasa. Babu burtalin da ban sani ba. Fadama ta koya mini abu biyu. In ka ji yashi kada ka kuskura ka taɓa birki, wuta za ka ƙara. In hanya ta yi ƙunci kuwa, ka matse gwiwoyinka ka wuce. Da waɗannan na yi shekaru ban faɗi ba (to, ban faɗi a gaban mutane ba).

Matsalata Alhaji ce, mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema a Argungu. Bawan Allahn nan bai taɓa kiran sunana ba. Ko ina durƙushe gabansa sai ya leƙa cikin gida ya ce, "Mai babur ya taho." Da ƙyar ya amince da auren, ya kuma gindaya sharaɗi: ana sallame Juma'a za a ɗaura a ƙofar gidansa, in liman ya tashi ba mu iso ba, to a bar maganar. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na rantse a zuciyata cikin mota zan isa ƙofar gidan nan, kuma ni zan tuƙa.

Maƙwabcina Bitrus, makanike ne mutumin Jos, yana da wata farar Fijo da yake lallaɓawa kamar ƙwai. Shi ya koya mini mota a filin ƙwallo. Giya ba ta ba ni wuya ba, sitiyari ma haka. Abu ɗaya ya dame shi: duk sanda na tsaya sai in buɗe ƙofa in sauke ƙafa ƙasa. Ya ce, "Malam, ka bar ƙafanka a ciki, mota ba zai faɗi ba." Duk da haka ya ba ni aronta, Allah ya saka masa.

Ranar Juma'a muka kama hanya da hantsi. Kawu Bello, wakilina, yana gaba. Mutum ne mai jiki, ya sha babbar riga mai sitaci. Dattawa biyu na unguwarmu suna baya, goro da alewa a but. Mun ɗan wuce Zauro muka tarar babbar motar albasa ta kife ta tare titi, buhuna ko'ina, motoci sun yi layi. Muka jira, muka jira, rana ta take tsaka.

Kawu ya ce, "Yanzu mi za mu yi?"

Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Akwai wata hanya ta cikin fadama, na san ta kamar ɗakina."

Kuma wallahi na san ta. Na sauka daga titi, na bi gefen gonakin albasa, motar tana tafiya sumul. Dattawan baya har sun fara sa mini albarka. Kaina ya kumbura. Sai ga giginyun nan biyu da hanya take ratsawa ta tsakaninsu, gabansu kuma yashi ne mai zurfi. Na wuce wurin nan ban san iyaka ba. Jikina bai tsaya shawara da ni ba, ya yi abin da ya saba: na ƙara wuta, na matse gwiwoyina, har da tattare kafaɗu. Ni da nake cikin mota!

Ƙarar da ta tashi sai da tsuntsaye suka watse daga gonar shinkafa. Madubai biyu suka yi nasu wuri. Fijo ta shiga har rabi ta cije, giginya ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, daidai tsakanin ƙofar gaba da ta baya. Na sa ribas, taya ta tona rami. Muka taɓa ƙofofi, babu wadda ta motsa.

Kawu ya ɗauko hularsa daga ƙasa, ya dube ni sama da ƙasa, har lokacin ina ƙanƙame da jikina. Ya ce, "Kai ɗan nan, mi kaka matsewa? Ita motar kaka son ta rame?"

Manoma suka yo kanmu da gudu, kuma abin takaici duk sun san ni. Ni ne mai tsayawa kansu ina koya musu tazarar shuka. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "A'a, Malamin gona ne! Malam, wagga tazarar kai kag gwada ta?" Aka kwashe da dariya. Ni da dattawan baya muka sulale ta taga. Kawu kuwa sai da ya tuɓe babbar riga, mutum biyu suka kama hannuwansa suna ja, ni na koma ciki ina turawa daga baya. Ban taɓa zaton zan dafa Kawuna a inda na dafa shi ranar ba. Ya faɗo kan yashi daga shi sai singileti da wando, yana salati.

Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma da na ɗaga kai na ga inda rana take, kunya ta gudu, tsoro ya zo. Hadiza nake shirin rasawa.

Akwai wani dillalin albasa a wurin da babur ɗinsa jingine. Na roƙe shi ya ba ni. Kawu ya ce shi da hawa abin da na tuƙa har abada. Na durƙusa na ce, "Kawu, mota ce baƙuwata. Wannan kuwa gidana ne." Ya harare ni, ya mai da rigarsa, ya rungumi ƙunshin goro ya hau. Muka bar dattawa suna gadin Fijo.

Nan fa na nuna wa fadama ɗanta ya dawo. Yashi ya zo na ƙara wuta, ƙunci ya zo na matse gwiwa, Kawu yana bayana yana karanto duk addu'ar da ya haddace. Sallar Juma'a dai ta wuce mu, amma mun karyo kwanar gidan Alhaji daidai liman yana laluben takalmansa.

Alhaji ya dube mu, fararen kayanmu sun koma ja. Tun mako guda na aika masa cewa da mota za mu zo. Ya ce, "Ina motar?"

Kawu ya sauka yana kakkaɓe riga ya ce, "Tana Zauro, an rataye ta ga giginya."

Alhaji ya juya wajen jama'a, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Liman, koma ka zamna. Mai babur ya taho." Aka yi dariya, aka shafa fatiha, Hadiza ta zama matata.

Washegari shanun noma suka ja Fijo ta baya. Bitrus ya zagaya ta, ya dube ni, ya karɓi makullinsa ya juya mini baya. Mun daɗe kafin mu koma gaisawa da dariya.

Yanzu muna zaune a unguwar Gesse, ina da motata, ƙofar gidana kuwa na sa an yi ta da faɗi sosai. Duk da haka in za mu shiga sai Hadiza ta ce, "Malam, saki kafaɗunka." In duba, ashe na tattare su. Abin da na koya shi ne, abin da jiki ya haddace ba ya tambayar me ka hau. Amma a daina cewa ban iya tuƙi ba. Hanyar daidai take, lissafina daidai yake, motar ce ta ƙi matse nata gwiwoyin. Alhaji kuwa har ya koma ga Allah Mai babur yake kirana, ni ma tun ranar nan da ƙarfi nake amsawa.