Yadda Za Ka Bi Sawun Ƙararka a Shafin Sada Zumunta

An ci mutuncinka a shafin sada zumunta, ka kai ƙara, shiru kamar an aiki bawa garinsu? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za a amsa maka, ko da jikokinka ne za su karanta amsar. Ni gwani ne. Ni na bi ƙarar yayata tela, wadda wani mai kiran kansa Gaskiya Ɗaci ya saka hotonta, ya rubuta wai tana yanke yadin mutane tana ɗinka wa 'ya'yanta.

1. Zaɓi laifin
Shafin zai tambaye ka irin laifin da aka yi maka. Yaya ta karanta daga sama har ƙasa ta ce, "Ina wajen da aka rubuta sharri?" Babu. Danna "wani abu daban", can ake tara duk abin da ya fi ciwo.

2. Kada ka ɗauke ido daga waya
Ƙara kamar jinjiri ce, ba a barin ta ita kaɗai. Yaya ta yi ta leƙe har ta ɗinke bakin hannun riga ruf. Ranar ce wata tsohuwar kwastoma ta zo karɓar yadinta da ba a yanka ba, tana kallon ƙasa, wai za ta ɗan nuna wa wani ne. Yaya ta ninke shi ta miƙa mata.

3. Tara dangi
Ƙarar mutum ɗaya ba ta da nauyi. Mun nuna wa Goggo inda za ta danna, sai ta danna hoton zuciya. "Ai na ɗauka nan ake nuna abin ya taɓa zuciya," in ji ta. Da muka yi mata bayani, sai ta gyara kuskurenta da rubutu: ta wanke Gaskiya Ɗaci tas, ta haɗa da waɗanda suka yi masa tarbiyya.

4. Karɓi hukunci hannu bibbiyu
Amsar kamfanin shafin ta iso: "Mun duba, rubutun bai saɓa wa ƙa'idojinmu ba." Da yamma kuma aka rufe shafin Goggo saboda zagi. Ka ga ke nan ana aiki.

5. Ɗaukaka ƙara
Amsar farko za a sake turo maka, ko waƙafi ba a canza ba. Mijin Yaya ya ce, "Ki bar shi da Allah mana." Ta ce, "Tun ranar farko na bar shi da Allah, Baban yara. Kamfanin nake so ya ɗan taya."

6. Yi godiya
Matan unguwa ne suka gaji, suka yi ta saka hotunansu sanye da ɗinkin Yaya a ƙarƙashin rubutun, har Gaskiya Ɗaci ya goge shi ya koma kan wani mai aski. Sai ga saƙon kamfani: a ba su taurari gwargwadon jin daɗin hidimarsu. Yaya ta ba da duka. Na ce, "Yaya, inji ne fa, ba mutum ba." Ta ce, "Ko ma wane ne, kada a kore shi daga aiki ta dalilina."

Gargaɗi: in hawan jini ya kama ka, ko batirinka ya mutu, ko danginka suka daina ɗaga wayarka, babu ruwana. Mai ƙorafi a kan wannan rubutu ya turo. Mun gode, muna dubawa.