Laifina, Na Biya Bashi da Wuri

Yau da safe ni da Malam Sumani muka sake tura motata daga wannan gefen titi zuwa wancan. Ga wanda bai taɓa zama a unguwar Bronx ta Amurka ba, haka dokar take: ranar da motar shara za ta wuce, dole ka kawar da motarka, tana da rai ko ba ta da shi. Tawa ba ta da shi. Malam Sumani maƙwabcina ne a University Heights, mutumin Kumasi, direban tasi, ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya riƙe sitiyari ta taga, ni ina baya ina nishi.

"Cale, Nataniyel," in ji shi, yadda mutanen Kumasi ke kiran aboki, "mutane suna biyan kuɗi su je motsa jiki. Kai ka sayi naka wurin motsa jikin ka ajiye a ƙofar gida."

Na ce, "Malam, juya hagu dai, za mu daki motar mutane."

A bakin kwana kuwa ga mai rubuta tikitin tara a tsaye, na'urarta a hannu, tana kallonmu kamar mai jiran shinkafa ta tsotse. Ina gaishe ta da aiki. A duk ma'aikatan hukumar da na yi hulɗa da su kan motar nan, ita kaɗai ce ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa tura ni wani ofishi ba.

Bari in ba ku labarin daga farko, ba sauri nake ba.

Ni ɗan Bukuru ne, karatuna bai yi nisa ba. Tun da na zo ƙasar nan kwali nake saukewa a wani babban shago. Anti Filomina, nas ce, cocinmu ɗaya, ita ta samo mini hanya a wani ƙaramin kamfani da ke kai tsofaffi asibiti ya dawo da su. Madam mai kamfanin ta ce aiki akwai, amma sai mai motar kansa. Aiki ne a zaune, ka gai da tsoho, ka riƙe masa hannu ya hau. Na ce wannan da ni ya dace. Na tattara abin da na daɗe ina tarawa na nufi wani filin sayar da tsofaffin motoci mai tutoci ja da shuɗi.

Kafin in tafi Anti Filomina ta ja mini kunne. "Kar ka kuskura ka ba su tsabar kuɗi. Ka saya da katin bashi. A ƙasar nan kati ke kare mutum, in abu ya lalace banki zai tsaya maka."

Mai filin ya tarbe ni da hannu biyu. Ya kira ni ɗan'uwa, ya ba ni kofi, ya daki bonet ya ce wata tsohuwa ce ke da motar, coci kawai take zuwa da ita. Daga baya na gane cocin nan tata a wata ƙasa take. Na miƙa kati, na sa hannu inda ya nuna, na tuƙo abata gida rediyo na tashi.

Ran Lahadi na kira Mama na gaya mata. Mama tana can gida, dankali take sayarwa a kasuwa. Tun muna yara, in ta karɓo gishiri bashi a wurin maƙwabciya, ba a ɗora tukunyar dare sai an kai kuɗin. Ba ta tambayi launin motar ba. Cewa ta yi, "Da kuɗinka ka saya ko da na mutane?"

Na ce, "Mama, kuɗina na nan a ajiye, amma na banki na fara amfani da shi. Haka ake yi a nan."

"Kana da kuɗin a hannu, kana kwana da na mutane a wuya? Nataniyel, tashi ka kai musu abinsu."

Ina ajiye waya na danna na biya banki duka, ko sisi ban bari ba. Na ji jikina ya yi sakayau.

Ban daɗe da fara aiki ba, wata safiya na ɗauko wata dattijuwa za ta je wankin ƙoda, muna kan babbar hanya motar ta yi wani gurnani kamar an shaƙe bunsuru. Injin na ihu, taya ba ta juyawa. Dattijuwar ta leƙo ta ce, "Ɗana, mun iso ne?" Sai da aka aiko wata mota ta ɗauke ta. Kojo bakanike ya duba, ya dangwalo man giya da yatsa ya nuna mini, ya ce giyabos ɗin ya daɗe da mutuwa, wani mai ne mai kauri aka ɗura don ya yi shiru ya kai ni gida. Gyaransa kuwa ya kusa kuɗin motar. Madam ta ce za ta riƙe mini gurbina zuwa ƙarshen wata, daga nan ba ta da yadda za ta yi.

Na koma filin. Ɗan'uwana ya manta da zumunci, kofi ma ya ƙare. Ya ce akwai dokar da ke tilasta wa dila ba da garanti, gaskiya ne, amma motata ta wuce yawan tafiyar da dokar ta yanke. Wato manyanmu sun zauna sun yi doka don kare mai sayen tsohuwar mota, sai suka cire wadda ta tsufa sosai. Ita ce kuma wadda irina ke iya saye. Allah ya ƙara musu basira.

Ban damu ba, na tuna ina da kati. Na kira banki. Na danna ɗaya, na danna uku, na saurari kiɗa har na iya shi. Can wata mai sanyin murya ta ɗauka. Na kwashe labari na gaya mata, har da dattijuwar. Ta ce ta ji ba daɗi ƙwarai. Sai ta tambaya, "Cikin kuɗin motar, nawa ya rage ba ka biya mu ba?"

Na gyara zama na ce, "Ko sisi. Tun satin farko na biya."

Ta yi shiru. Na ɗauka mamakin kirkina take.

Ta ce, "Ayya." Sannan ta yi mini bayani a hankali. Wai haƙƙin da doka ta ba ni shi ne in ƙi biyan abin da ya rage, har sai an warware rigima. Wanda ya bar bashinsa a kwance yana da abin riƙewa. Ni da na biya, ba abin da zan ƙi biya.

Na ce, "To, 'yar'uwa, ki mayar mini da bashin mana, in ya so sai in ƙi biya."

Ta yi dariya, ta ce ina da ban dariya. Ba wasa nake ba. Ta ce akwai wata ƙofar, za su tambayi mai filin. Suka tambaye shi. Ya ce ya ba ni mota, na tuƙa ta da ƙafafuna na fita. Suka ce to, suka rufe magana.

Da na gaya wa Anti Filomina a bakin coci sai ta dafe kai. "Na ce ka saya da kati, na ce ka biya washegari ne?"

"Anti, ai ba ki ce kar in biya ba."

"Wa ke gaya wa mutum wannan? Kowa jinkiri yake yi!"

"Mama ce ta ce."

"Mama ta san dokar Amurka ne?"

Ba ta sani ba. Amma ku da kuka sani, ranku ya daɗe, masu girma Sarakunan Kare Haƙƙin Mai Saye, da ku nake. Na ga allunanku a cikin jirgin ƙasa. Hoton mutum yana murmushi da makulli a hannu, an rubuta wai in san haƙƙina, cikin harsuna barkatai. Haƙora farare tas. An kashe kuɗi a hoton nan, ana gani. A duk faɗin allon ba ku sami wurin layi ɗaya ba da zai ce: in ka sayi babban abu da kati, dakata ka gwada shi kafin ka biya. Layi ɗaya. Ni da ban gama sakandare ba ga shi na rubuta muku kyauta.

Na je ofishinku ma, kar ku ce ban zo ba. Na ɓata yini guda, na karɓi lamba, na zauna a kujerar roba ina kallon talabijin da ke nuna wani mai girma yana yanke kirtani. Da layi ya zo kaina, Wazirin Taga ya saurare ni da ido ɗaya a kan kwamfuta. Ya ce za su rubuta wa mai filin su roƙe shi ya duba lamarin. Na ce in ya ƙi fa? Ya ce to sai in nemi lauya, ko in je ƙaramar kotu. Na ce yaushe za a kira ni? Ya ɗaga kafaɗa. Na ce masa ƙarshen wata aka ba ni. Ya ce ya fahimta. Sannan ya miƙo mini biro da wata 'yar jaka mai ɗauke da hoton mutumin nan mai haƙora. Jakar tana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Albasa nake zubawa a ciki.

Abin da na kasa ganewa shi ne wa kuka yi wa dokar nan. Mai filin ya san ta, banki ya san ta, wanda ya saba jan bashi ya san ta ko bai karanta ba. Wanda uwarsa ta koya masa ya mayar wa mutane abinsu da wuri shi kaɗai ta bari a waje. Cocinmu cike yake da irina. Masallacin su Malam Sumani ma haka, su har tsoron kuɗin ruwa suke, kati na motsi sun biya. Da na gaya masa sai ya ce, "Wallahi da ni ne ma haka zan yi, kafin ma in iso gida."

Wata ya ƙare. Madam ta kira ni da kanta, ta ba ni haƙuri, ta ce ta ba wani Abdoulaye gurbin, motarsa lafiya lau. Ban ga laifinta ba, tsofaffi ba sa jiran giyabos. Na koma wurin kwalayena, sun karɓe ni ba tambaya. Na gaya wa Mama, ta ce, "Mota ƙarfe ce. Ba wanda ke binka, ko?" Na ce babu. Ta ce to madalla.

Jiya ina cikin sauke kwalin man gyaɗa waya ta yi ƙara. Bankin ne. Wannan karon ba kiɗa, ba danna ɗaya, su suka neme ni. Wani saurayi mai fara'a ya ce yana taya ni murna, wai irin yadda nake biyan bashi ya sa na shiga sahun kastomominsu na musamman, sun ƙara mini yawan abin da zan iya ci. Har ya tambaya ko ina da niyyar sayen mota nan kusa.

Na ce masa ya ba ni lokaci tukuna, ina koyon taurin bashi ne, hannuna bai faɗa ba.